Wai wace rawa ce 'yan Chana ke yi da jar ganga a ƙugu cikin ƙura?

Bashir_Fagge:

Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka zauna Chana ko suka san tarihinsu. Jiya da daddare ina kwance ina ta latse-latsen waya sai na ci karo da wani bidiyo, wasu mutane ne sun fi ɗari a kan wani tudu, ƙasar wajen ruwan ɗorawa ko ciyawa babu, kowa ya ɗaura farin ƙyalle a ka ga wata 'yar jar ganga a ƙugu, suna duka suna tsalle suna harbin iska da ƙafa, ƙura ta turnuƙe har ba ka ganin na baya. Wallahi sau biyar na maimaita shi har data ta kusa ƙarewa. Yarona yana gefe ya ce Abba yaƙi za su tafi? Na ce masa rawa ce, ya ce to me ya sa suke ihu kamar 'yan dambe, na rasa amsar da zan ba shi.

Ni dai sau uku ina zuwa Guangzhou saro kayan waya amma ban taɓa ganin irin wannan ba, abin da na sani shi ne rawar zakin nan da suke yi in za a buɗe sabon shago. Wanda ya ɗora bidiyon ya rubuta wai shekara 2000 ana yin ta. Gaskiya ne ko zuƙi ta malle ce irin ta 'yan intanet? Kuma mutanen wane gari ne?

Sadiq_Xian:

Wa alaikumus salam Alhaji Bashir. Ai ba za ka gan ta a Guangzhou ba, can kudu ne, wannan kuwa abin mutanen arewa ne, tazarar kamar ka je Legas kana neman hawan daushe. Sunanta yaogu, wato gangar ƙugu, wadda ta fi suna ita ce ta Ansai, wata gunduma ce a ƙarƙashin birnin Yan'an a lardin Shaanxi. Ni ina karatu a Xi'an, babban birnin lardin, Yan'an tana arewa da mu kamar kilomita 300. Wani abokin karatuna ɗan can ne, shi ya ja ni gidansu lokacin hutun sabuwar shekararsu da suke kira bikin bazara, duk da sunan ne kawai bazara, sanyi ne wanda ruwa ke daskarewa a bokiti.

Abin da na gani a ƙauyensu ya ɗan bambanta da na bidiyo gaskiya. Ba mutum ɗari ba ne, ba su wuce talatin ba, kuma manoma ne da samarin da suka dawo hutu daga aikin birni, har da mai gyaran babur na ƙauyen. Kafin su fara komai sai sun je wurin bautarsu sun yi kiɗa a can suna roƙon ruwan sama da albarkar gona, ni dai a nan na tsaya daga waje ina ɗumama hannu. Daga nan sai su shiga bin gida gida, nan ne fa na tuna da tashe, don kusan tsarin ɗaya ne sai dai su manya ne ke yi. A gaba akwai wani dattijo riƙe da laima, shi ne jagora, ana ce masa santou wato mai laima, in an shiga tsakar gida sai ya ɗaga laimar kiɗa ya tsaya cak, sai ya rera baiti huɗu da ya ƙirƙira nan take a kan mai gidan, in an yi haihuwa ya ambata, in akwai ɗa a jami'a ya ambata, ya yi fatan rumbu ya cika, kafin ya rufe baki sai ganguna su sake ɓarkewa. Mai gida kuma ya fito da alewa da taba da gyaɗa da ɗan kuɗi ya ajiye a tebur. Gidan da aka tsallake ba a shiga ba kuwa abin magana ne, abokina ya ce akan yi shekara ana gaba a kan haka.

Gidajen ma abin kallo ne Alhaji, a jikin tudu ake haƙa su kamar kogo, bakin a lanƙwashe kamar baka, suna ce musu yaodong, ciki da wani gado na tubali da hayaƙin murhu ke bi ta ƙarƙashinsa yana ɗumama shi, a kai na kwana uku. Saboda maganar halal ban ci naman gidan ba, uwar abokina ta yi ta dama mini kunun gerensu, wani gero ne ƙanana rawaya, har da wani soyayyen abu na garin gero mai danƙo da ta tabbatar mini da man tsirrai ta soya. Mutanen gero ne kamar mu wallahi, kuma masu jiran ruwan sama ne kamar mu.

Ita rawar kala biyu ce, akwai ta lalama da suke kira wen, a hankali ake yi da rangwaɗa, akwai ta ƙarfi da suke kira wu, ita ce ka gani, mutum zai daka tsalle ya buɗe ƙafafu a sama ya doki gangar ta ƙarƙashin cinya ya dira yana kaɗa kai kamar wanda aka yi wa bushara. Farin abin da ke kansu tawul ne kawai, irin wanda manoman yankin ke ɗaurawa da ƙulli a goshi saboda ƙura da gumi, sannan suna ɗaura jan ƙyalle a gindin sandunan kiɗan, shi ya sa in sun ɗaga hannu gaba ɗaya sai ka ga kamar wuta ta kama. Sun ba ni na gwada, ban yi minti biyu ba na doki yatsana da sanda, yara suka yi ta dariya har da masu faɗuwa ƙasa.

Malam_Tukur_Zariya:

Malam Sadiq Allah ya ba da sa'ar karatu, ka kawo abin da ido ya gani. Bari in ɗan taɓa maganar shekara 2000 ɗin da Alhaji ya tambaya, don nan ne ake cakuɗa tarihi da labarin kaka da kakanni.

Abin da mutanen wurin ke faɗa shi ne asalin gangar ta sojoji ce. Yankin nan bakin iyaka ne tun zamanin daular Qin, wadda ta haɗe ƙasar Sin a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga arewa akwai makiyaya mahaya dawaki masu kawo hari, shi ya sa aka yi ta gina ganuwa da hasumiyoyin tsaro a kan tuddan. To sai ake cewa masu gadi suna rataye da ganga, in sun hango ƙurar dawaki su buga a sanar da na gaba, in an gwabza a buga don ƙarfafa zuciya, in an ci nasara a buga don murna, da sojoji suka ajiye makamai suka koma noma sai gangar ta bi su gida. Sunan Ansai kansa ma'anarsa kwantar da bakin iyaka. Labarin ya zauna daidai da wurin, amma fa labari ne na baka, daga shi aka ciro lissafin 2000 ɗin nan.

Shaidar da za ka iya taɓawa da hannu ita ce ta 1981, lokacin da manoma suna aikin gona kusa da Yan'an suka faɗa kan wani tsohon kabari, aka samu tubala biyu da aka zana mutum a jiki yana rawa da ganga a ƙugu, masana suka ce na zamanin daular Song ne, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1279. Ka ga ke nan shekara ɗari bakwai zuwa dubu babu gardama a kai. Kuma a zamanin Song ɗin Yan'an sansanin yaƙi ce sosai tsakaninsu da daular Xia ta Yamma, har shahararren malamin nan kuma jami'in gwamnati Fan Zhongyan an tura shi tsaron wurin wajen 1040.

Amma ni a ganina abin da ya fitar da gangar nan daga ƙauye ba tsufanta ba ne, siyasa ce. Daga 1937 zuwa 1947 Yan'an ce hedikwatar Mao Zedong da jam'iyyar Kwaminis. A watan Mayun 1942 Mao ya tara marubuta da mawaƙa ya ce musu fasaha ta koma wajen manoma da ma'aikata da sojoji, to sai 'yan makarantar fasaha ta Lu Xun da ke garin suka bazama ƙauyuka suna koyon raye-rayen manoma da ake kira yangge, har da gangar ƙugu, suka cire abin da ya shafi bauta da wasannin batsa, suka zuba saƙon juyin juya hali, a wasu ƙungiyoyin ma mai laima ya ajiye laima ya ɗauki lauje da guduma. Da sojojinsu suka riƙa cin birane zuwa 1949 sai gangar ta riƙa binsu, har aka laƙaba mata gangar nasara. Wato wadda ta bazu a duk ƙasar an riga an yi mata aski, ta gidan abokin Sadiq ita ce mai gashinta.

Sai kuma fim. A 1984 Chen Kaige ya yi wani fim mai suna Rawayar Ƙasa, wanda ya riƙe kyamara shi ne Zhang Yimou, mutumin da daga baya ya tsara bikin buɗe gasar Olamfik ta Beijing a 2008. A ciki akwai wurin da manoman Ansai suka yi kiɗan nan cikin ƙura, kyamara tana kutsawa tsakaninsu. Duk bidiyon da kuke gani yau na mutane a kan tudu ƙura na tashi jikokin wannan fitowar ne. A 1986 wani marubuci ɗan yankin, Liu Chengzhang, ya yi ɗan gajeren rubutu a kan gangar da aka sa a littafin makaranta, yara suka taso suna karanta shi, a 1990 kuma aka kai makaɗan bikin buɗe wasannin Asiya a Beijing. A 2006 gwamnati ta sa ta a jerin farko na al'adun gado da ƙasa ke karewa. Ni tun ina saurayi nake jin irin waɗannan a sashen Hausa na rediyon Sin, wanda ya fara watsa shiri tun 1963, lokacin sai ka yi ta murɗa akwati kana neman tasha cikin shuuu.

Jikan_Sarkin_Kiɗa:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, mun ƙaru. Ni gidanmu gidan kiɗa ne, kakana kalangu ya kaɗa wa mahauta har ya rasu, to da na ga zancen nan sai da na je na nemo bidiyon na kashe hoton na saurari sautin kawai. Magana ta gaskiya gangar nan ba ta magana. Kangonta kamar ɗan tulu ne mai ciki a tsakiya, an ja fata baki biyu an kafe da ƙusoshi, babu tsarkiya balle ka matse a hammata ka sauya murya, sauti ɗaya gare ta tau tau tau, ba za ka iya kiran sunan mutum da ita ba ko ka yi masa take. Kalangu guda ɗaya a hannun gwani zai faɗi abin da gangunan nan ɗari ba za su faɗa ba. Amma fa in ka kunna hoton sai ka gane ba kunne suke yi wa ba, ido suke yi wa, jikin mutum shi ne kiɗan, gangar rakiya ce. Kuma in ka lura akwai wata babbar ganga a gefe da wasu faranta na tagulla da ake gwarawa, su ne ke riƙe da amon, 'yan tsallen binsu suke yi. Mu a wajenmu mai kiɗa daban mai rawa daban, su sun haɗe wa mutum ɗaya aikin biyu, dole numfashi ya yi wuya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin busan, wallahi da na ji na ɗauka algaita ce a ƙofar fada, har kumburin kumatun iri ɗaya. Malam Sadiq mene ne sunanta? Sannan su ma gado ne kiɗan a wajensu kamar mu, ko kowa ma zai iya ɗauka?

Maman_Ilham:

Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata biyu ce, na ga a wani bidiyon har da 'yan mata da jajayen kaya suna dukan gangar, Malam kuma ya ce ta sojoji ce, to dama can mata na yi ko yanzu ne aka shigo da su? Na biyu kuma Malam da ka ce an yi mata aski, ni ban ga laifin askin ba in dai shi ya hana ta mutuwa. Yarana uku ba wanda ya taɓa ganin kiɗan gayya da idonsa, ni kaina rabona da jin gangar noma tun ina firamare a garinmu, da an sa ta a littafin makaranta ko an kai ta filin wasa ai da sun san ta ko da a askakke ne. Mu ba mu yi askin ba kuma kan ma ya tafi.

Sadiq_Xian:

Jikan Sarki kunnenka bai yi ƙarya ba, sunanta suona kuma dangin algaita ce na gaske, asalinsu ɗaya daga wajen Farisa da ƙasashen Larabawa inda ake ce mata surna ko zurna, ɗaya ta bi hanyar fatake ta yi gabas ta shiga Chana, ɗaya ta bi ta arewacin Afirka ta tsallako Sahara ta zo mana. Wani abin da zai ba ka dariya kuma, a zamanin daular Tang abin da ake kira yaogu ganga ce mai siririn ciki da faɗin baki biyu, siffar kalangu sak, tana nan a zanen bangon kogunan dutse na Dunhuang da ke arewa maso yammacin Chana, wato a da ƙugun gangar ake nufi, yanzu kuma ƙugun mai ɗaukarta. Maganar gado, 'yan gangar ƙugu ba gado ba ne, duk saurayin ƙauye mai ƙarfi yana shiga kuma abin alfahari ne, amma masu busa suona a da sana'arsu ce, su ake ɗauka biki da jana'iza a biya su, kuma an daɗe ana yi musu kallon ƙasa-ƙasa a yankin, ka san dai irin abin.

Hajiya a da ta maza ce zalla, har rawar mata a cikin yangge maza ne ke sa kayan mata su yi, daga baya ne mata suka shigo, yanzu kam a makarantun Ansai ana koya wa yara maza da mata, ƙanwar abokina ta fi shi iyawa nesa ba kusa ba. Kuma mutanen gundumar da yawa sun mayar da ita hanyar abinci, ana ɗaukarsu zuwa wasu larduna su koyar a makarantu da kamfanoni da barikin soja.

Amma bari in ba ku labarin ƙurar nan tunda ita ta ja hankalin Alhaji. Tun 1999 gwamnati ta fara biyan manoma su daina noma gangaren tuddai su dasa itatuwa saboda zaizayar ƙasa da ke cika Rawayen Kogi da laka, yankin Yan'an na cikin wuraren da aka fara, to yanzu in ka je da damina tuddan kore ne shar, ƙurar ta ragu sosai. Kwana na uku abokina ya kai ni wani tudu da aka bari fili don masu yawon buɗe ido, motoci cike da masu manyan kyamarori sun zo daga birane, an jera makaɗa da sababbin kaya iri ɗaya, sai ga wasu mutum biyu daga gefen da iska ke tasowa riƙe da shebur suna ɗiban ƙasa suna watsawa sama!! Wani mai kyamara yana ta daga musu murya wai a ƙara. Aka yi tsallen nan aka sake aka kuma sakewa don wani bai samu hoton da yake so ba, babu mai laima babu baiti babu mai gida, wani dattijo cikin makaɗan da aka tsaya ya zauna a ƙasa yana ta tari yana kakkaɓe tawul ɗinsa. Na tambayi abokina ko abin na damunsa, ya ɗaga kafaɗa ya ce kawunsa da kuɗin wannan tsallen ya biya wa 'yarsa makaranta.

Malam_Tukur_Zariya:

Hajiya ban ce askin laifi ba ne, cewa na yi a san an yi shi, kada a nuna mana na shebur a ce haka sojojin Qin suka bari. Amma maganarki ta gangar noma ta taɓa ni, a nan kin fi ni gaskiya. Wani abin da mutane ba su lura da shi ba, a watan Disambar 2024 a zama ɗaya hukumar UNESCO ta sa bikin bazara na Sinawa da hawan sallar Kano a jerin al'adun gado na duniya, a birnin Asuncion na Paraguay aka yi zaman. Malam Sadiq in ka sake komawa dan Allah ka ɗauko mana muryar dattijon nan mai laima, baitocin nake son ji ko da fassara ce, 'yan tsallen mun gansu.

Bashir_Fagge:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya ƙara sani. Na karanta wa yaron duka, shi dai wajen shebur ɗin ne ya fi ba shi dariya, yanzu kuma ya ɗaure gwangwanin madara a ƙugu da ɗankwalin uwarsa ya ishe mu a gidan tun safe. Malam Sadiq bikin nasu wane wata yake kamawa ne? Don na san lokacin duk kasuwannin Guangzhou a rufe suke ba a samun kaya, in na shirya tafiyata ta gaba daf da shi sai in gama saro in hau jirgin ƙasa in same ka a Xi'an mu wuce tare, amma ka faɗa mini gaskiya rigar sanyi nawa zan taho da ita.

Sadiq_Xian:

Tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu yake faɗowa Alhaji, yana bin wata ne shi ya sa yake motsi, kiɗan kuma ya fi zafi daga 'yan kwanakin farko har zuwa daren sha biyar ga watansu da suke kunna fitilu. Tikitin jirgi ka saya da wuri don lokacin duk ƙasar ce ke tafiya gida. Rigar sanyi kuwa kar ka wahalar da kanka da ta Kantin Kwari, ka bari ka iso mu saya a nan. Ka taho mini da yaji da kilishi in za su bari ya wuce a filin jirgi, in ba za su bari ba yajin ma ya isa.